"Wace kala aka yi mata?": Tambayar da ke juya ɗakunan amare daga Jega zuwa Maiyama

Idan aka kai amarya a Jega ko Aliero a 'yan shekarun nan, kafin abokan ango su gama sayen baki bidiyon ɗakinta ya riga ya zaga gari. Ɗaya daga cikin 'yan jere ce za ta ɗauka. Ta fara daga ƙofar falo, ta bi kujeru, ta haska silin, ta leƙa kicin, ta ƙare a kan gado, sannan a ɗora waƙa a saki a WhatsApp da TikTok. Waɗanda ba su samu zuwa ba kuwa, tambayar farko da ke fitowa daga bakinsu ita ce: "Wace kala aka yi mata?"

Amsar ba ta cika wuce uku ko huɗu ba. Fari da ruwan toka, wanda 'yan mata ke kira ash. Baƙi da ruwan gwal. Ruwan madara da ruwan ƙasa. Wani lokaci shuɗi mai duhu da fari. Duk wanda ke bibiyar irin waɗannan bidiyoyi ya san da wuya ka bambance ɗakin da ke Maiyama da wanda ke Kaduna ko Abuja, sai fa idan an yi sa'a zakara ya yi cara a bayan gida.

Ga mai kallo a waya, abin sha'awa ne. Ga gidan da ake aurar da yarinyar, magana ce mai nauyi, domin kalar da aka zaɓa a cikin minti biyar ita ce za ta yanke abin da za a saya, da wanda za a ƙi karɓa, da bashin da za a ci.

Kala ɗaya, aljihu biyu

A al'adarmu ango ne ke samar da muhalli, shi ke fenti, shi ke tayil ko leda, shi ke silin. Iyayen amarya su ke zuba kaya: gado, katifa, sif, madubi, kujeru, labule, kafet da kayan kicin. A da wannan rabo bai da matsala, kowa ya yi nasa, ranar jere a haɗa. Yanzu da aka ce sai komai ya dace da komai, aljihu biyu ne ke ƙoƙarin yin magana da murya ɗaya, alhali sau da yawa ba su ma zauna sun tattauna ba.

A nan ake samun abin da kowa ya taɓa ji a unguwarsu. Ango ya shafa wa falo ruwan ɗorawa tun watanni uku kafin biki, shi a ganinsa ya gama. Ana saura mako ɗaya ƙawayen amarya suka zo ganin gida, suka ce ina, kujerunmu ruwan toka ne, wannan bango zai kashe su. Ko dai ango ya sake kiran mai fenti yana ƙunƙuni, ko a kawo kaya a jera a haka amarya ta shiga gida da ɓacin rai. Auren da bai kwana ba an fara bin juna bashin magana.

Kuma kala ba ta tsayawa a bango. Da zarar an ce fari da toka, sai ta bi labule, ta bi zanin gado, ta shiga kicin. Kulolin abinci, filas, farantai, bokitin wanka, kwandon shara, har butar alwala sai an nemo wadda ta shiga saiti. Idan ba a samu a kasuwar Jega ranar Juma'a ba, a tafi Birnin Kebbi. Idan babu, a yi aike Sakkwato ko Kano. Kuɗin mota da na dako duk a kan buta da kwando.

Jeren Inna ma yana da tsarinsa

Wasu matasa na ɗauka ɗakunan iyayenmu da kakanninmu tarkace ne kawai aka tara. Wanda ya tsaya ya duba da kyau zai ga akwai doka a ciki, sai dai ba dokar kala ba ce.

Jere ya fara da ƙorai, fararen ƙorai masu zane da ake kifawa babba a ƙasa ƙarama a sama, irin wanda har yau ake gani a rugagen Fulani. Daga nan tasoshi suka shigo, sai kwanukan sha da kwalla da fanteka da samira masu fure-fure, waɗanda aka fara shigowa da su daga Turai da Hong Kong kafin a kafa masana'antunsu a Najeriya. Daga baya kabad mai gilashi ta zo da tangaran. A duk waɗannan matakai, abin da ake nema shi ne maimaici da tsayi da sheƙi: kwalla iri ɗaya guda shida a jere, a ɗora wasu a kai har su kusa taɓa rufi, a goge su sai sun ɗauki ido. Ja da kore da rawaya suna zaune wuri ɗaya ba sa faɗa, saboda tsarin jerin ya riƙe su. Gado mai rumfa a gefe, an ɗora katifa a kan katifa, ƙasa an yi daɓe ya yi sumul.

Haka abin yake a gine-ginen gargajiya. Dubi zanen bangon gidajen Zariya da Kano, ko cikin fadojin sarakuna, inda ake zuba ja da shuɗi da kore da rawaya a jikin bakan gizo da dagi, har a kafa faranti a tsakiyar rufi. Babu wanda ya taɓa cewa kala ta yi yawa. Bahaushe bai taso yana tsoron launi ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne, wancan jere asusu ne. Uwa tana fara tara wa 'yarta kwano tun tana tallar goro ko ƙuli, ɗaya bayan ɗaya, daga kuɗin adashi da ribar sana'a. Ranar biki gwaggo ta kawo nata, inna ta kawo, maƙwabta su kawo gudummawa, kowane kwano an san hannun da ya fito. Idan rana ta ɓaci, mace ta zari kwalla biyu ta ba dillaliya ta yi maganin matsalarta ba tare da ta roƙi kowa ba. Idan 'yarta ta isa aure, ta rage daga nata ta ƙara mata.

Tsarin kala ɗaya ya taɓa wannan wuri, kuma a ganina nan ne asarar ta fi girma. Ba za ka iya tara saitin fari da toka shekara goma ba, saboda kafin lokacin yayinsa ya wuce. Dole a saya gaba ɗaya, a lokaci ɗaya, a farashin ranar. Ita kuma gudummawa ta zama abin jin kunya. Gwaggo ta taso tun daga ƙauye da kula ja mai fure, ta kashe abin da ta daɗe tana ƙullewa a bakin zani, 'yan jere su karɓa da "an gode, Gwaggo, Allah Ya bar zumunci", tana juya baya a tura ta ƙarƙashin gado don kada ta ɓata bidiyo. Tsofaffi ba wawaye ba ne. Suna shiga ɗaki su duba, su ga babu nasu, su ce "wanga ɗaki ya yi kyau, ɗiyata", su fita. A biki na gaba sai ka ga an kawo kuɗi kaɗan a ambulan, ko ma a ƙi kawo komai.

Daga ina toka ta zo mana?

Yayin kala sana'a ce da wasu ke ci da ita. Wani kamfani a Amurka mai suna Pantone yana fitar da "kalar shekara" tun daga 2000. A 2021 ya zaɓi ruwan toka haɗe da rawaya, a 2025 ya zaɓi wani ruwan ƙasa mai kama da shayi da madara. Masu yin yadi da kujeru da fenti a China da Turkiyya suna kallon irin wannan yayi, 'yan kasuwarmu su sayo, masu tallar kaya a Instagram su ɗauki hoto, kafintan unguwa ya kwafa daga wayar amarya. Kafin abin ya iso Aliero ya yi tafiyar shekaru, wani lokaci can inda ya fito har sun fara gajiya da shi.

Sai kuma kyamara. Fari da toka suna fita tas a waya, kuma waya tana gyara haske da kanta, ga tacewar da ake ƙara wa bidiyo. Ɗakin da aka ɗauka da ƙarfe huɗu na yamma, ranar da aka kwance kaya daga leda, an kunna janareto duk fitilu na ci, ba shi ne ɗakin da za a rayu a ciki ba. Ba a cika ɗora bidiyon wata shida bayan biki ba.

Ƙura da zafi ba su san yayi ba

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busa ƙura ta kowace kafa. Wanda gidansa ke kusa da babban titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Aliero da Jega ya nufi Maiyama da Koko, ya san ko da damina manyan motoci ba sa barin labule ya huta. Farar kujera a irin wannan wuri aiki ce ta kullum, sai a ƙare da lulluɓe ta da tsohon zani, kalar da aka sha wahala a kanta ba mai ganinta sai ranar da aka yi baƙi. Baƙin tebur mai sheƙi ma haka, ko yatsa ka ɗora sai ya nuna. Launukan tsakiya su ke da haƙuri: ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan zuma, da ita kanta tokar idan ba mai haske sosai ba ce. Wannan kam a ba toka haƙƙinta.

Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura digiri 40. Mutane na cewa fenti mai duhu yana ƙara zafi a ɗaki. Gaskiyar ita ce fentin ciki haske yake cinyewa, ya sa ɗaki mai ƙaramar taga ya koma kamar rami, a dinga neman fitila da rana tsaka. Mai dafa gida shi ne rufi. Baƙin kwano da ake yayi yanzu yana shan rana fiye da mai haske, don haka saurayin da ke gini ya yi tunani sau biyu kafin ya zaɓi kalar rufi saboda ta dace da get. Kujerar karammiski mai kauri tana riƙe ƙura da gumi, ta leda mai kwaikwayon fata kuma zafi ke sa ta tsage ta fara ɓarewa. Gidan da bangonsa ke jan danshi da damina, musamman a unguwannin da ke gangaren gulbi ko kusa da fadama, takardar bango ba ta daɗewa, sai ta kumbura ta saki. A gyara danshin tukuna.

Kuɗin fa?

A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Yadin kujera, soso, katakon da ake shigowa da shi, labule, kayan kicin, kusan duk suna bin dala. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Uban da ke da 'ya'ya mata uku ko huɗu ya san abin da wannan lissafi ke nufi ba sai an faɗa masa ba. Ba banza ba a auren gata da gwamnatin Kano ta yi wa mutum 1,800 da matansu a Oktoban 2023, gado da katifa na cikin manyan abubuwan da aka raba. Kayan ɗaki na cikin abin da ke tsayar da aure.

A Aliero da kewaye, inda albasa ce arzikin gari, akwai wani ƙarin ciwo. Manomi kan adana albasarsa a rudu bayan girbin rani, yana jiran ta yi daraja can gaba. Idan biki ya matso kuma aka ce sai an sauya kujeru saboda ba su shiga kala ba, sai ya buɗe rudu ya sayar a lokacin da kasuwa ta cika ta yi araha. Ribar da zai samu bayan wata huɗu ko biyar ta tafi a bambancin da ke tsakanin toka mai haske da toka mai duhu. Abin dariya, a cikin kalolin ankon biki akwai wadda ake kira kalar albasa, amma ban ga ana yi wa ɗaki ita ba, ko a garin da ta gina gidajen.

A littattafan fiƙihun Malikiyya, asalin abin da ake nema shi ne amarya ta yi kayan ɗaki gwargwadon sadakin da ta karɓa. Al'ada ce ta faɗaɗa shi har ya koma kan uba, mu kuma muka ƙara masa kala. Duk 'yar da ke shirin turo wa Baba hoton ɗakin da ta gani a Pinterest, ya kamata ta san wannan.

Ga wanda ke son tsari

Ba ina cewa a watsar da haɗa kala ba ne. Ɗakin da aka tsara yana kwantar da hankali, kuma ƙaramin ɗaki ya fi buƙatar hakan. Amma akwai bambanci tsakanin tsari da kurkuku.

Masu sana'ar ƙawata gida suna da wani ma'auni da suke kira 60-30-10. Kashi 60 na abin da ido ke gani ya zama kala ɗaya mai sanyi, wato bango da ƙasa. Kashi 30 kala ta biyu, kujeru da labule. Kashi 10 kuma a sake shi: filo, faifai, tum-tum, fure, kwano. Wannan kashi goman shi ne ƙofar da kular Gwaggo za ta shigo. A bango ruwan madara da kujeru ruwan ƙasa, jan abu ɗaya ko biyu shi ke tayar da ɗakin. Su kansu Turawan da muke kwaikwayo suna biyan kuɗi mai yawa su sayi tabarma da kwando da tum-tum na fatar jar akuyar Sakkwato don su karya shirun farin ɗakinsu, mu kuwa ga su a bakin ƙofa.

A fara daga abin da ba a iya sauyawa cikin sauƙi. Tayil ya riga ya zauna, kujera za ta yi shekaru. Fenti shi ne mafi arha a cikinsu, don haka shi ya kamata ya bi kaya, ba kaya su bi shi ba. Ango ya haƙura da fenti har a ba kafinta aiki, a yanko masa ƙyallen yadin kujera ya tafi da shi shago. Wannan ƙyalle ɗaya ya isa ya kashe rigimar da na ambata a sama.

Kada a yarda da kalar da ke jikin bokiti ko fuskar waya. A shafa kaɗan a bango, a bar shi ya bushe, a duba shi da safe, da azahar, da kuma dare a ƙarƙashin fitilar da za a riƙa amfani da ita. Ƙwan fitila ma yana da kala. Wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa fari ne mai ɗan shuɗi, yana sa toka ta yi kama da ɗakin asibiti. Mai 2700K ko 3000K yana ba da haske mai ɗumi da ke yi wa ruwan madara da ruwan ƙasa kyau.

Lissafin fenti ba wuya. Ɗakin ƙafa 12 da 12 mai tsayin ƙafa 10, idan aka cire ƙofa da taga, bangonsa ya kai murabba'in mita 40 ko sama kaɗan. Fentin ruwa mai kyau, lita ɗaya na rufe kusan mita 10 a shafa ɗaya. Shafa biyu ke nan lita 8, galan biyu masu lita huɗu-huɗu. Mai arha da aka tsinka da ruwa ya fi haka ci, sabon filasta ma yana sha. Idan haɗa kalar aka yi a shago, a haɗa wadda za ta isa gaba ɗaya, domin da wuya haɗi na biyu ya fito daidai da na farko, kuma a rage kaɗan a rufe don gyaran gaba.

Wani abin da ba a cika magana a kai ba: wasu fentin mai, musamman masu rawaya da ja mai kauri, ana samun dalma a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da ba ya cutarwa a jikin yaro, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ɗakin amarya nan da shekara ɗaya ko biyu ɗakin mai rarrafe ne, mai ɓantarar bango ya kai baki. A yi wa bangon ciki fentin ruwa, idan za a shafa wa ƙofa da taga na mai a duba wanda aka rubuta babu dalma.

Ɗakin samari da na ɗalibai

Maza ma ba a bar su a baya ba. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero a 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, gidajen haya na ɗalibai suka yawaita a garin, kuma kowane ɗaki da nasa salon. Wani ya yi shuɗi saboda Chelsea, wani ja saboda Arsenal ko Manchester United, wani ya zagaye silin da igiyar fitila mai sauya launi, ɗaki ya koma kamar shagon aski. A nan babu uba da zai ci bashi, amma akwai mai gida. Takardar bango mai gam tana tahowa da fenti idan an zo ɓarewa, baƙin fenti kuma sai an yi masa shafa uku ko huɗu kafin fari ya rufe shi, kuma mai tashi ake cewa ya biya.

Mai zaman haya na shekara ɗaya ko biyu ya zuba kalarsa a abin da zai iya naɗewa ya ɗora a kan babur: labule, zanin gado, darduma, leda. Bango kuwa, kafin a taɓa shi a nemi izinin mai gida, kuma a yi maganar a gaban shaida ko a rubuce a waya, har da wanda zai mayar da shi yadda yake ranar tashi.